Tsagar Alkama

Ubana wanzami ne a Ƙofar Doka.
Da aska guda ya rubuce rabin unguwa:
bille, kalangu, 'yan baka, fashin goshi.
In ya dubi kuncin baƙo
sai ya faɗa maka garin da kakansa ya baro.
Ni na ƙi zabira.
Shekara guda ko gaisuwata ba ya amsawa.

Yau ga ni a Samaru cikin farar riga,
ganye nake yanka, ba kunci ba.

Abin ya faro ne a fadamar Galma,
shekarar da Baba Barau ya shiga gonarsa da farin wando
ya fito da ja, kamar mai rini.
Tsatsa ce, ba ta ƙarfe ba, ta alkama.
Buhu goma sha biyu ya sa wa rai,
uku ya ɗauko, tsabar a motse kamar ta yi jinya.
Alkakin Gwaggo Lantana ya ƙanƙance a faranti,
kuɗinsa bai ƙanƙance ba.

Muka haɗa irin gida, mai auki, mai daɗin gari,
da wata ramammiyar baƙuwa da ba a ko tayawa,
sai dai ita tsatsa ba ta iya mata.
Hantsaki ne waliyyi,
ambulan ɗin takarda ya rufe zangarniya.

'Ya'ya ɗari uku suka tsiro, duk kore, duk kama ɗaya.
Wace ce ta gaji taurin uwar?
Da, sai ka jira damina ta wuce, sanyi ya shigo,
ka jira cuta ta zo da ƙafarta ta zaɓa maka.
Yanzu ganyen kwana goma ya isa.
A niƙe shi, a tace, a ɗiga a rami-rami,
a sa wuta ta ja shi a hankali.

Ran nan ana tsaka da ja aka ɗauke wuta.
Mairiga ya fita da tocila yana lallashin janareta,
ni ina zaune da aikin mako uku, ina salati.

Da fitila ta dawo sai ga su:
zane-zane farare cikin duhu,
a jere kamar a kuncin Babarbare.
Mai layi a nan ta gada.
Marar layi, Allah ya ba da haƙuri.
Arba'in da ɗaya na ƙirga, na sake ƙirgawa.

Kada in yi maka ƙarya:
layin ba shi ne maganin ba,
maƙwabcinsa ne, da suke tafiya tare tun kaka da kakanni.
Wani lokaci a raba gari a hanya.
Ita ma tsatsa ba barci take ba,
tana can tana sake kama.

Ranar Juma'a na kai wa tsohon hoton a waya.
Idonsa ya yi hazo, ya matso da shi har hanci,
ya bi layukan da babban yatsa.
"Wa ya yi wannan tsaga? Hannunsa ba ya rawa."
Na ce, "Baba, ba mu muka yi ba,
da ita muka tarar."
Ya yi shiru har ladan ya kira la'asar.
"To kai karantawa kawai kake yi," in ji shi.
"Rabin gado ke nan. Ya fi babu."

Bayan shekara biyar na kai wa Baba Barau mudu biyu.
Ya ɗauki tsaba ɗaya ya gartsa,
ya tauna, ya tofar a tafin hannu ya duba.
Na fara ba shi labarin layuka,
ya ɗaga mini hannu.
"Bar shi, malam. Gona ma ta iya karatu.
Ka dawo bayan ban ruwa na shida,
ka sa farin wando."